Ba'a da Zagi a Fagen Wasa: Daga Gurbin Dara Zuwa Wasannin Intanet a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi tarken wani ra'ayi da ya fara zama ruwan dare a bakin iyaye da malamai, har da wasu daga cikinmu manazarta, wato cewa wasannin da samari suke yi da juna ta intanet su ne suka shigo da ashar da rashin kunya cikin wasa, alhali kuwa a da can Bahaushe yana wasansa ne cikin ladabi da kamun baki. Ba mu zo don mu wanke waɗannan wasanni ba, domin duk wanda ya taɓa zama kusa da yaro yana buga su ya ji abin da kunne ba ya so. Abin da muke ja da shi shi ne kashi na biyu na maganar. Wanda ya taɓa tsayawa a kan 'yan dara da la'asar sakaliya a Sule Tankarkar ya san cewa a wurin baki ya fi hannu aiki, kuma ba yabo ake yi wa juna ba. Ashe ke nan abin tambaya shi ne: me ya sa magana mai zafi a gindin bishiya takan ƙare da dariya da alkawarin haɗuwa gobe, amma 'yar'uwarta a cikin waya ta ƙare da zagin iyaye?

Mun ɗauki misalanmu daga masarautar Gumel ta Jihar Jigawa, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Dalili kuwa shi ne a nan tsohon wasa bai mutu ba, sabon kuma ya iso, har akan ga dattijo yana haƙa gurbin dara, jikansa yana gefe ya duƙufa a kan waya. Bayan haka, ƙasa ce ta kan iyaka wadda ta daɗe da sanin yadda ake hulɗa da baƙo, kuma za mu ga amfanin wannan nan gaba.

Bakin 'yan dara

Kafin mu yi nisa ya kamata mu rarrabe kalmomi, don kuwa yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa. Hausa ba ta tara maganganu masu zafi a buhu ɗaya ba. Akwai ba'a, wadda ake yi wa mutum a gabansa don a yi dariya har da shi. Akwai gatse, inda ake faɗar magana ana nufin kishiyarta. Akwai habaici, wanda ake jefawa ba tare da kama suna ba, mai kaza ya ji a jikinsa. Akwai zambo, makamin maroƙa da makaɗa, wanda M. G. Smith ya yi bayanin matsayinsa a cikin nazarin da ya yi kan roƙo a shekarar 1957. Sa'an nan akwai zagi da ashar, waɗanda su ba su da wani azanci, abin da suke nema kawai shi ne zubar da mutuncin wanda aka yi wa, galibi ta hanyar taɓa iyayensa. Mai cewa duk ɗaya ne bai yi wa harshen adalci ba.

Dara, kamar yadda aka sani, wasan mutum biyu ne. Akan haƙa gurabu 30 a ƙasa, layi 5 mai gurbi shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsinkayen kara, wancan da tsakuwa. Bayan an gama zuba su, sai a shiga matsawa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda. Wasa ne na lissafi da ke bukatar shiru, amma shirun ne ba a samu. Idan mutum ya daɗe yana tunani, sai ka ji irin su, "Malam, ko a kawo maka matashi ne?" Idan ya yi kuskure a ce masa wannan hannu na fartanya ne. Idan aka cinye shi, 'yan kallo su ce ya tashi ya ba masu wasa wuri. Wani ma tun kafin a fara yake shelar cewa a aika gida a gaya wa iyalin abokin karawarsa kada su jira shi da fara'a yau.

In muka feɗe waɗannan maganganu za mu ga abu guda ya haɗa su, wato dukkansu wasan suke suka. Hannu ake zagi, da jinkiri, da ƙarancin dabara. Ba a taɓa uwa, ba a taɓa asali, ba a taɓa abin da mutum yake jin kunyarsa da gaske, kamar bashin da ke kansa ko auren 'yarsa da ya mutu, ko da yake duk wanda ke zaune a wurin ya san da su. Wannan shi ne abin lura. Masu ba'ar suna riƙe da makamin da zai yi kisa, amma suka zaɓi wanda zai yi ƙaiƙayi. Gwanintar ɗan ba'a ita ce ya matso har bakin abin nan mai ciwo, kowa ya ga ya matso, sa'an nan ya kauce. Ta nan ne ba'a ta zama fasahar baka wadda ta cancanci a yi nazarinta kamar karin magana da kirari, domin ba a iya ta sai da sanin mutum da sanin iyaka.

Me ke tsare wannan iyaka? Ba kirkin zuciya ba ne kaɗai, kada mu yaudari kanmu. Wanda kake yi wa ba'a ka san ubansa, shi ma ya san naka, kuma gobe a sahu ɗaya za ku yi sallar asuba. 'Yan kallo suna nan, su ne alƙalai, dariyarsu ita ce ladan magana mai daɗi, shirunsu kuma shi ne horon wadda ta wuce gona da iri. Dattijo guda ya ce "a'a, ban da wannan" ya isa. Daɗin daɗawa wasan yana da ƙarshe: an kira magariba, an share gurabu da tafin ƙafa, magana ta mutu a nan. Masanin tarihin nan na ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya nuna a littafinsa Homo Ludens na 1938 cewa wasa yakan keɓe wa kansa wuri da lokaci, inda dokokinsa ne suke aiki. 'Yan dara ba su karanta shi ba, amma share gurbin nan da suke yi ya fassara maganarsa sarai.

Haka abin yake a dambe, sai dai a can murya ta fi tashi. Ɗan dambe yakan yi wa kansa kirari mai ban tsoro, makaɗi kuma ya zuga shi ya yi wa abokan karawarsa zambo, kamar yadda duk wanda ya saurari waƙoƙin Ɗan'anace na Shago ya sani. Amma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, turmi ya ƙare, kuma wanda ya ƙara naushi bayan nan shi ne abin kunya. Sai kuma wasan barkwanci, tsakanin taubasai, da kaka da jika, da Kanawa da Zagezagi, da Gobirawa da Yarabawa, da Fulani da Barebari. Wannan na ƙarshe ba baƙo ba ne a ƙasar Gumel, masarautar da Mangawa suka kafa, wadda kuma ta daɗe tana da alaƙa da Barno. Radcliffe-Brown, a maƙalarsa ta 1940, ya bayyana irin wannan dangantaka da cewa raini ne wanda al'ada ta ba da izininsa, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa barkwancin Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Izinin nan shi ne ƙashin bayan abin. Bafillace zai kira Babarbare bawansa a tsakiyar kasuwa a yi dariya, amma kalmar nan da kanta, in ta fito daga bakin da ba shi da izini, sai an kai ga mai unguwa.

Kada a ɗauka muna cewa tsohon fage aljanna ne. An sha watsa gurbin dara da ƙafa cikin fushi, an sha zare wuƙa a wurin karta idan kuɗi ya shiga, kuma malamai sun daɗe suna faɗa da wasan da ke sa mutum ya bar salla ta wuce. Abin da muke cewa kawai shi ne idan an yi ɓarna a can, akwai wanda zai tsawata, akwai kuma wanda za a ji kunya.

Abin da waya ta cire

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, amma wasannin da muke magana a kansu na baya-bayan nan ne: Ludo King a 2016, Free Fire a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty Mobile a 2019. A PUBG akan zuba mutum 100 a fili ɗaya, sau da yawa ƙungiya-ƙungiya ta mutum huɗu, a yi ta harbin juna har ƙungiya ɗaya ta rage. Wanda bai zo da abokansa ba, na'ura ce za ta haɗa shi da mutum uku da bai taɓa gani ba, wataƙila ɗaya a Legas, ɗaya a Masar, ɗaya a Pakistan, kuma suna jin muryar juna.

John Suler, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya rubuta a 2004 cewa mutane sukan saki baki a intanet saboda dalilai da suka haɗa da ɓoye suna, da rashin ganin fuska, da raunin ikon na gaba. Maganarsa gaskiya ce, kuma in muka mayar da ita harshenmu, kunya ce ta rasa wurin zama. Kunya, wadda Kirk-Greene ya lissafa tare da haƙuri da ladabi da mutunci cikin siffofin mutumin kirki a laccarsa da aka buga a 1974, aba ce da ke bukatar ido. Yaron da ya sa wa kansa sunan aro, yana kwance a ɗaki da abin ji a kunne, ba shi da uban da za a ce "ɗan wane ne", ba ɗan kallo, ba magariba.

Amma a ganinmu bayanin Suler bai kai ga wani abu ba, wanda kuma shi ne ya fi ba mu mamaki da muka kwatanta fagagen biyu. A dara da dambe, maganar zafi abokin hamayya ake yi wa. A wasannin ƙungiya na intanet kuwa, mafi munin zagi ɗan gida ake yi wa, wato abokin da kuke ɓangare ɗaya. Dalilin yana cikin ginin wasan. Kamfani ya sa wa kowane ɗan wasa matsayi da ke hawa in an ci, ya sauka in an faɗi, sa'an nan ya ɗaura wannan matsayi a wuyan baƙi uku. Yaro ya sayi data da kuɗin da ya sha wuya kafin ya samu, ya biya an yi masa cajin waya a shago, ya yi minti ashirin yana lallaɓawa, sai wani da bai sani ba ya yi wauta duk aka mutu. Sau da yawa ma ba wauta ba ce, sabis ne ya yi rauni, mutum ya daskare a fili aka harbe shi, abin da ɗan ƙauyen Gagarawa ya fi ɗan birni sani. Na can ba ya ganin dalili, sakamako kawai yake gani. Nan ne dara take cin gida. A langa ma akwai ƙungiya, kuma idan aka kayar da ruwa 'yan ɓangarensa sukan yi masa ca, amma sun ga tuntuɓen da ya yi da idonsu, kuma tare za su koma gida.

Saboda haka zagin intanet ba shi da azanci, kuma wannan hukunci ne na adabi kafin ya zama na tarbiyya. Ba'a tana bukatar sanin mutum, wanda bai san ka ba kuwa ba shi da abin kamawa sai abin da kowa yake da shi: uwa, da ƙasa, da launin fata, da karin harshe. Shi ya sa za ka ji kalmomi uku ko huɗu ne ake ta maimaitawa, rabi Turanci rabi Hausa, babu gatse, babu habaici, babu abin da za a tuna gobe a yi dariya. Abin da muka yi hasara ya haɗa da fasahar iya tsokana.

Akwai wata shaida da ta rushe zaton cewa 'yan iska ne kawai suke wannan aiki. Kamfanin Riot Games, mai wasan League of Legends, ya binciki 'yan wasansa, kuma kamar yadda mujallar Nature ta ruwaito a 2016, waɗanda kullum bakinsu ba ya da linzami ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma kashi 5 cikin 100 kawai na ɓarnar ne ya fito daga gare su. Sauran duk daga mutanen da aka saba gani da hankalinsu ne, ranar ce kawai ta ɓaci. Wannan ya yi daidai da abin da iyaye suke mamaki, cewa yaron da yake durƙusawa ya gaida su da safe shi ne suke jiyo muryarsa da dare yana ɗura wa wani ashar. Yaro ɗaya ne, fage ne ya sauya.

Ba kowa ne yake shan zagin daidai da kowa ba. A wani gwaji da Kuznekoff da Rose suka buga a 2013, sun sa muryar namiji da ta mace suna faɗar kalmomi iri ɗaya a wasan Halo 3, sai muryar macen ta sami munanan martani kusan ninki uku. A nan ma ba mu da bakin yi wa tsohon fage kirari, domin gindin bishiyar dara bai zagi mace ba ne kawai saboda bai taɓa ba ta wurin zama ba.

Magungunan kamfanoni

Kamfanoni sun gwada magunguna iri-iri. A 2011 Riot ya kafa wata kotu inda 'yan wasa da kansu suke karanta ƙarar da aka kai su yanke hukunci, ya kuma dakatar da ita a 2014. Ya gwada rufe hira tsakanin ɓangarori biyu sai ga wanda ya buɗe da kansa. Wasan Overwatch ya fito da tsarin yaba wa ɗan wasa mai kirki a 2018. A 2023 kuma masu Call of Duty suka sa wata na'ura mai suna ToxMod tana sauraren muryoyin 'yan wasa don ta tsamo masu zagi, da Turanci ta fara. Kotun Riot ita ce ta fi kama da 'yan kallon dara, sai dai alƙalanta su ma baƙi ne, hukuncinsu yakan iso bayan an manta da laifin, kuma wanda aka kora yana iya buɗe sabon suna ya dawo. Horon gindin bishiya nan take yake zuwa, daga bakin wanda kake jin nauyi.

Batun na'ura mai sauraro shi ya fi shafar mu masu nazarin harshe. An fara tattara zagi da kalaman ƙiyayya na harsunanmu don koya wa kwamfuta, alal misali tarin AfriHate na 2025 wanda ya ƙunshi harsunan Afirka 15 har da Hausa, kuma aiki ne abin yabo. Amma mu dubi kalmar "shege". A bakin wanda aka ɓata wa rai zagi ce mai kai mutum gaban alƙali. A bakin ɗan kallo da ya ga an yi wata bajinta kuwa, "kai, shegen yaro!" yabo ne da babu kamarsa. Na'urar da ke farautar kalma za ta hukunta mai yabo, ta kama taubasai biyu da ke wasansu na gado, sa'an nan ta bar mai habaici ya wuce, domin habaici mai kisa ba ya ɗauke da kalmar batsa ko ɗaya. Ma'anar tana cikin dangantakar mai magana da wanda ake yi wa, dangantakar kuwa ba a jin ta a sauti. Ta fuskar hukuma, sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi hukunci a kan barazana da makamantanta, amma ba mai hankalin da zai so a kai yaro kotu don ya zagi wani a wasa, ballantana wanda aka zaga yana wata ƙasa.

Darasin kasuwar Maigatari

Idan matsalar ita ce haɗuwar baƙi ba tare da mai tsawatawa ba, to ƙasar Gumel tana da tsohon misali a kusa. Kowace Alhamis kasuwar dabbobi ta Maigatari takan tara Fulani da Buzaye da Barebari da fataken kudu, mutanen da ba su san iyayen juna ba, wasu ma ba sa jin harshen juna, su yi cinikin dukiya mai yawa, da zafin baki da rantse-rantse, amma a watse lafiya. Abin da ya riƙe su shi ne dillali da mai masauki. Baƙo ba ya shiga ciniki shi kaɗai, yana shiga ne a ƙarƙashin sunan wani sananne wanda zai ji kunya in baƙonsa ya yi abin kunya. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari na maigida a cinikin shanu na unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969. Kasuwa ba ta mai da baƙi 'yan'uwa ba, ta dai ba kowane baƙo wanda zai tsaya masa.

Samarin da kansu sun fara gano wannan ba tare da wani ya koya musu ba. Da yawa sun daina yarda na'ura ta zaɓa musu abokai, sai su kafa ƙungiya ta 'yan unguwa ko 'yan makaranta, su buɗe zaure a WhatsApp, su naɗa shugaba mai ikon cire mutum. Sabon shiga sai wani ya kawo shi, in ya yi rashin kunya wanda ya kawo shi ake tuhuma. Abin sha'awa shi ne a irin waɗannan ƙungiyoyi ba'a ta dawo da azancinta. Za ka ji ana tsokanar wani cewa wayarsa ta girmi ƙanensa, ko a ce wa ɗan Maigatari sabis ɗin Nijar ne ya kashe shi, a yi dariya har da shi, ba wanda ya ambaci uwar wani. Haka kuma a shagunan buga ƙwallon PlayStation, inda ake zaune kafaɗa da kafaɗa, mai shago yakan yi aikin dattijon nan na gindin bishiya, ko da don tsoron a fasa masa talabijin ne.

Sai dai tsarin yana da gurbin da bai cike ba. Ladabin da ƙungiya take koyarwa na cikin gida ne, kuma mun ji da kunnenmu yaran da ba sa zagin juna sun haɗa baki su huɗu suna zagin baƙon da tsautsayi ya jefo cikinsu, don kawai Hausarsa ta Damagaram ce. Mai masaukin Maigatari yana amsa laifin baƙonsa a gaban wani mai masaukin, domin dukansu biyu za su dawo Alhamis mai zuwa. Shugaban ƙungiyar wasa kuwa ba shi da takwaran da zai kai masa ƙara, kuma baƙon da aka zaga, kafin a gama dariya, na'ura ta riga ta jefa shi wani filin.